Yadda Gwaggona Ta Cancanci Allurar Inshora

Yau da hantsi na wuce tashar da zan sauka. Al Rigga ce tasharmu ta jirgin ƙasan metiro a nan Dubai, daga nan minti bakwai ne a ƙafa zuwa gidanmu a Al Muraqqabat, amma ko da na ɗago kai sai na ga mutane da akwatuna masu taya suna ta fita. Ashe metiro ya kai ni har filin jirgin sama. Wata 'yar Filifin mai kirki ta tambaye ni ko ƙasarmu zan tafi. Na ce a'a. Ta dubi hannuna, ba jaka ba fasfo, sai ɗan littafi mai shafi arba'in da huɗu. Ta dubi idona da ya yi ja, ta miƙo mini tishu. Ta ɗauka labarin soyayya nake karantawa. Ƙa'idojin inshorar lafiya ne.

Sunana Muhsinat. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba, in kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri ku yi haƙuri, sau huɗu na goge farkon nan. Amma ni ba na iya ɗaga wa mutum murya ido da ido, kuma akwai manyan da suka cancanci a gode musu a bainar jama'a, shi ya sa na ce bari in gode musu a rubuce.

Maganar ta Gwaggo Barira ce, yayar babana, wadda nake zaune a wurinta. Shekararta tara tana aiki a wani kamfanin kago a Deira. Ita ce a kan sikeli. Duk ɗaurin abaya da turare da takalma da 'yan kasuwarmu za su tura Kano sai ya bi ta hannunta, kuma sau da yawa takan faɗi kilonsa kafin lambar sikelin ta tsaya. Ni kuwa aikina rubuta suna da lambar waya a jikin kwali. Kamfanin ya yi mana katin inshora. Katin nan hawa-hawa ne: akwai na zinare, akwai na azurfa, akwai na tagulla. Namu ba a samo masa ƙarfe ba. Anti Pamela, 'yar Kafanchan da muke haɗa kicin da ita a filat ɗinmu, tana kiran sa katin "Allah ya sawwaƙe", wai domin abin da za a ce maka ke nan in ka miƙa shi.

A farkon shekara Gwaggo ta je asibiti da ciwon gwiwa, aka ɗebi jininta. Likitar, wata Ba'indiya mai magana a hankali, ta ja layi a takarda ta rubuta shida da ɗigo biyar a kansa. Ta ce duk wanda awon sukarinsa ya kai nan, to ya shiga ciwon. Sai ta ɗiga alama a ƙasan layin kaɗan, shida da ɗigo biyu, ta ce ga inda Gwaggo take tsaye. In an sauke kilo goma sha biyar, da yardar Allah za a ja da baya. In ba a sauke ba, ita dai ba ta ba mu shekara guda ba.

Muka fito titi ni da Gwaggo. Ita ta yi jinyar kakata, mahaifiyarta, wadda sukari ya ci ƙafarta ta hagu tun daga ɗan yatsa har sai da aka yanke a ƙasan gwiwa. Ta taɓa gaya mini cewa abin da ya ƙi barin ranta shi ne takalman hagu guda huɗu da suka rage a bakin ƙofa, aka rasa wanda za a ba. Ranar a gefen titi ta tsaya ta kalli ƙafafunta ta ce, "Muhsina, da biyu na zo ƙasar nan, da biyu nake son komawa."

Duk abin da zan faɗa daga nan, a kan ƙafafun nan biyu ne.

Ta yi ƙoƙari, ni shaida ce. Ta bar shinkafa, ta bar lemon kwalba, ta riƙa zagaya bakin ruwa bayan sallar asuba har gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Wata biyu, kilo ɗaya da rabi. Sai likita ta rubuta mata allurar nan ta sati-sati mai kashe kwaɗayi, muka ɗauki takardar zuwa kemis.

Mai kemis ɗin, wani Bamisire, ya zura katinmu a na'ura. Na'ura ta yi ja. Ya ce inshora ba ta biya, amma in za mu saya da kanmu, dirhami dubu ɗaya da ɗari bakwai ne a wata. Albashin Gwaggo dubu uku ne da ɗari biyu, ga haya, ga yaranta biyu suna karatu a gida. Da ya ga yadda fuskarta ta yi sai ya sassauta murya, ya ce akwai wata hanya. Wasu kemis masu lasisi suna haɗa maganin da kansu bisa takardar likita, su zuba a 'yar kwalba, mutum ya riƙa zuƙa da sirinji. Shi wannan ɗari shida da hamsin ne.

"Me yake cewa?" in ji Gwaggo.

"Wai akwai na haɗi, Gwaggo. Ya fi araha."

Fuskarta ta washe. "Ashe su ma suna haɗi? To ai an zo gida! Yalla, maza ya zura."

Ya sake zurawa. Ja.

Daga nan ne na fara sanin manya. Ta farko ita ce Ranki Ya Daɗe Gimbiyar Danna Ɗaya, wadda ke zaune a cikin wayar kamfanin inshora. Ban taɓa jin mace mai ladabi irin nata ba. Takan gaishe ka da Larabci, ta maimaita da Turanci, ta ce ka danna ɗaya, ka danna huɗu, ka danna lambar katinka, sannan ta sanya maka kiɗa. Kowane minti biyu sai ta leƙo ta tabbatar maka cewa kiranka yana da muhimmanci ƙwarai a wurinta. Ranar farko minti arba'in da bakwai ina da muhimmanci, sannan layi ya yanke. A rayuwata ba a taɓa ɗauka ta da muhimmanci na tsawon lokaci haka ba, har na ji nauyin in sake kira.

Anti Pamela ta same ni riƙe da waya ina gyangyaɗa kai da kiɗan.

"Ke, har yanzu kina nan? Waƙar nan na iya ta tun shekarar da na cire haƙori. Ku tashi ku je ofishinsu. Mutum ba ya iya sa maka kiɗa in kana tsaye a gabansa."

Muka je. Tubarkalla, ofishi ne na gani na faɗa. Bene na gilashi, ga ruwa yana tsartuwa a tsakiyar falo ba mai sha, ga kujeru masu laushin da in ka zauna sai ka manta abin da ya kawo ka. A kan kowane tebur akwai kwano cike da cakulan. Na ga hikima a nan, domin kamfani mai hangen nesa dole ya riƙa tanadin masu zuwa gobe.

Bayan awa biyu lambarmu ta fito, aka kai mu gaban Mai Girma Sarkin Dawo Gobe. Mutum ne kamili, agogonsa kaɗai zai yi wa Gwaggo allurar shekara. Da Turanci yake magana yana yayyafa Larabci, ni ce tafinta. Ya karanta takardar likita, ya buɗe wannan littafi mai shafi arba'in da huɗu, ya ɗora yatsa a shafi na talatin da ɗaya, ya yi murmushi.

"Me ya ce?"

"Wai kwalliya ce, Gwaggo."

"Mece ce kwalliyar?"

"Rage ƙiba. Ga shi sun sa ta tsakanin dashen gashi da wankin haƙori."

Gwaggo ta gyara zama. "Ki tambaye shi wa zan yi wa kwalliyar. Maigidana Alhaji ya rasu shekara goma sha ɗaya. Kwalaye zan burge ko sikeli? Ki tambaye shi ko ya taɓa ganin an ɗauko ƙafar uwarsa a leda."

Na juya wurinsa na ce, "Ta ce ta gode."

Amma na daure na tambayi zancen haɗin, tun da shi ya fi araha kusan sau uku. Ya ce kash, ai shi haɗi ba shi da lamba, kuma na'urarsu ba ta san abin da ba shi da lamba ba. Na ce to ita mai tsadar tana da lamba? Ya ce ƙwarai, lamba mai kyau ma. Na ce to a ba mu ita. Ya ce ai ita ce kwalliyar. Na shiga jujjuya maganar, domin ni ina son in fahimci abu kafin in ji haushinsa. Mai lamba ba a biya saboda kwalliya ce, mai araha ba a biya saboda ba shi da lamba. Duk wanda ya tsara wannan, Allah ya ƙara masa basira, bai bar ko ƙofar da sauro zai bi ba.

"To yaushe kuke biya, ranka ya daɗe?"

"In tana da ciwon sukari. Nan take."

"Likita ta ce saura ƙiris."

"Alhamdulillah! Ke nan lafiyarta ƙalau. Ki taya ta murna." Ya tura kwanon cakulan gaban Gwaggo. "In ya kai, ku dawo, habibti. Muna nan."

Ya ce muna iya ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Ƙoli ta Masu Duba Takarda, wadda ke zama a hawa na sha tara, inda ba a hawa. Na rubuta musu shafi uku, na gyara waƙafi da aya, na haɗa hoton awon jini. Bayan kwana ashirin da ɗaya na aiki amsa ta zo. Sun ce sun karanta da matuƙar tausayawa, a duba shafi na talatin da ɗaya. A ƙasan wasiƙar kuma suka gayyace mu Ranar Wayar da Kai Kan Lafiya a wani babban otal.

Mun je, don Gwaggo ta ce wataƙila a can ake rabon allurar. An hura balan-balan sun fi dubu, an ɗauko mai ɗaukar hoto da jirgin nan mai tashi da kansa, manya sun hau mumbari ɗaya bayan ɗaya sun yi wa'azin cewa lafiyarmu ita ce ke hana su barci. Daga ƙarshe aka yanka kek mai tsawon ƙyauren ɗaki, an rubuta sunan kamfanin da sukari a kansa. Kowa aka ba shi gorar ruwa mai tambari. Tamu tana yoyo.

A hanyar dawowa Gwaggo ta ce khalas, ita ta gama da su. Ɗari shida da hamsin duk wata ba ta da ita, sai dai a cire yaro ɗaya daga makaranta. "In haɗi ne, ai mu muka san haɗi. Ɗauko wayarki ki rubuta wa Ummi Kulsum."

Hajiya Ummi Kulsum ƙawarta ce tun ta ƙuruciya, tana Kano, sana'arta haɗa wa mata magunguna na gari da na sha. Sun shekara shida ba su ga juna ba, sai gaisuwa ta murya. Gwaggo ba ta son rubutu a waya, ni ce sakatariyarta.

"Ki ce mata ta aiko mini da silimin. Mai ƙarfi, na wata uku."

To a nan ne ya kamata in yi shiru in rubuta abin da aka ce. Amma ni yarinya ce da ta ci jarrabawar Hausa da sakamako mai kyau, kuma abin yana damuna in ga muna aron kalma alhali muna da tamu.

"Gwaggo, silimin ai ba Hausa ba ne, Turancin rage jiki ne."

"To Malama, rubuta da Hausar."

Na rubuta daga wayata, mai ɗauke da hotona: "Salamu alaikum Hajiya, Muhsinat ce 'yar Gwaggo Barira. Don Allah a haɗo mana maganin ƙiba mai ƙarfi, na wata uku. Abin ya dame mu ƙwarai." Na karanta sau biyu. Ba kuskuren rubutu ko ɗaya.

Bayan sati biyu wani ɗan kasuwa ya zo mana da shi a jakarsa, bokitin roba babba an naɗe da salatif. Ya ce a filin jirgi an buɗe, an sansana, aka ce abinci ne, aka bar shi ya wuce. Tun a nan ya kamata in zauna in yi tunani. Gari ne mai ruwan ƙasa-ƙasa, yana ƙamshi kamar ana suyar gyaɗa. Hajiya ta biyo shi da saƙon murya: a dama cokali uku da madara da zuma, safe da yamma, in an sha a kishingiɗa a huta, kada a yi yawan zirga-zirga don magani ya samu ya zauna a jiki.

"Kin ji likita," in ji Gwaggo. "Ba irin wadda za ta ce in yi ta zagaye kamar na ɓatar da akuya ba."

Sati uku ta hau sikelin kago da sassafe kafin ma'aikata su zo. Kilo biyu sun ƙaru. Ta ce haka maganin gida yake, sai ya taso da ciwo sama kafin ya fitar da shi. Na yarda, domin ina so in yarda. Sati shida, kilo biyar. Ta ce ruwa ne yake taruwa kafin ya zube. Anti Pamela ta ɗanɗana da bakin cokali wata rana a kicin, ta tsaya, ta sake ɗiba.

"Mama, wannan magani ne ko kunun biki? Ni duk maganin ramewa da na sani, in ka sha sai ka tsani duniya. Wannan har ina son ƙari."

"Baƙin ciki kike, Pamela."

"Ina baƙin ciki, Mama, amma abayarki ma tana yi. Dubi yadda take kuka a hammata."

Sati tara, kilo takwas. Gwaggo ta fara shan ruwa kamar an ɗora ta a kan wuta, tana gama gora tana neman wata, kuma ba ta rabuwa da hanyar banɗaki. Ran Lahadi Anti Pamela ta dawo daga coci, ko ɗankwali ba ta cire ba ta ce ba za ta ci abinci ba sai an kira matar nan ta bidiyo ta ga aikinta da idonta.

Aka kira. Fuskar Gwaggo ta cika wayar taf.

"Barira! Tubarkalla masha Allah! Lallai Dubai ta karɓe ki. Ina 'yar tamu mai shan magani? Juyo mini da ita in gani."

Gwaggo ta juyo wayar wurina a hankali.

"Subhanallahi! Yarinyar nan har yanzu kamar tsinken tsire? Anya kina damawa da madara kuwa? Ko zubarwa kike?"

Anti Pamela ta dubi bokitin, ta dubi Gwaggo.

"Ummi," in ji Gwaggo, "ni ce nake sha."

"Ke? Me za ki yi da maganin ƙiba, ke da Allah ya ba ki kyauta tun muna 'yan mata? Ni da na ga hoton yarinya duk ƙashin wuya, ta ce abin ya dame ku, na ce to miji ake nema mata. Na zage na haɗa mata na amare! Hulba, waken soya, alkama, gyaɗa, aya, dabino, garin madara. Har sukari na ƙara mudu guda, don na san 'yan matan yanzu ba sa son ɗaci."

Ban san lokacin da na fara kare kaina ba. Na ce ai maganin sauro kashe sauro yake, maganin ɓera kashe ɓera yake, maganin ciwon kai kore ciwon kai yake, saboda haka a ƙa'ida maganin ƙiba...

"Maganin barci fa?" in ji Anti Pamela. "Kashe barci yake? Maganin ƙarfi fa? Maganin farin jini fa, Malama? Ni da ba Bahaushiya ba na san in mace ta shiga kasuwa ta ce maganin ƙiba, ƙugu take nema."

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kashe wayar, ta daɗe tana kallon bokitin, sannan ta ce, "Da kin bar ni da silimin ɗina."

Washegari aka ɗebi jini. Shida da ɗigo tara. Wannan karon likita ba ta ja layi ba. Ta sa Gwaggo ta cire safa, ta riƙa taɓa tafin ƙafarta da wani siririn zare tana tambaya ko tana ji. Tana ji, alhamdulillah, duka wurare goma da aka taɓa. Ni ce na kasa tsayawa, na fita na zauna a matakala.

Muka koma wurin Bamisiren nan da sabuwar takarda. Magani ɗaya, allura ɗaya, mace ɗaya. Ya zura kati. Minti huɗu, na duba agogo. Kore. Kafin mu fita daga kemis Gimbiyar Danna Ɗaya ta aiko da saƙo da kanta, ba tare da na danna komai ba, tana taya mu murna.

Jiya aka kira mu ofis mu sa hannu a shiga da Gwaggo tsarin masu ciwo mai daɗewa. Mai Girma Sarkin Dawo Gobe har miƙewa ya yi.

"Mabruk, madam! Na gaya muku za ku dawo."

Ya jera mana alherin kamfani. Allurar dubu ɗaya da ɗari bakwai, duk wata, ba iyaka. Na'urar awon sukari da tsinkayenta. Likitan ido, likitan ƙoda, likitan ƙafa. Na tambaya ko yanzu za a iya ba ta haɗin nan mai araha, ko don a rage wa kamfani asara. Ya dube ni da tausayi ya ce har yanzu ba shi da lamba. Na ce likita ta ce tun da an kama abin da wuri, in Gwaggo ta sauke nauyi sukarin zai iya komawa ƙasan layi. In ya koma fa?

"Sai mu yi mata murna."

"Allurar fa?"

"Ai ta koma kwalliya."

Gwaggo ta ce in gaya masa Allah ya saka masa da daidai abin da ya yi mata, kada a rage kada a ƙara. Na fassara duka, kalma bayan kalma. Ya dafa ƙirji ya ce amin, ya ji daɗi ƙwarai.

Saboda adalci, dole in faɗi cewa littafin nan ba rowa ce zalla a cikinsa ba. Na karanta shi daga bango zuwa bango. A shafi na talatin da takwas an rubuta cewa in ta kai ga yanke ƙafa, kamfani zai biya kuɗin aikin gaba ɗaya, da gadon asibiti, da abinci. Ƙafar roba ma suna biyan kashi tamanin cikin ɗari. Mutanen nan ba su ƙi Gwaggo ba. Suna jiran ta ne a can gaba, da hannu biyu.

Laifina ne, na sani, kuma ba na neman kowa ya rage mini. Ni na rubuta saƙon. Amma ni sau ɗaya na yi kuskuren kalma, kuma ban sake cin abinci da daɗi ba tun ranar. Su kuwa sun zauna da lauyoyi da shayi sun zaɓi tasu kalmar, suka kira tsoron yanke ƙafa kwalliya, suka buga a takarda mai sheƙi, kuma ban ji an ce wani a hawa na sha tara ya rame ba.

Labari ba ya ɓuya a benenmu. Ɗazu bayan la'asar mata biyu suka yi sallama, Hajiya Talatu mai sayar da turare da wata ƙanwarta. An gaisa, an tambayi jiki. Can Hajiya Talatu ta ce ita shida da ɗigo uku ce, sau biyu na'ura tana yi mata ja, kuma ta ji an ce akwai sauran rabin bokiti.

Gwaggo ta dube su. Ta ce in miƙo mata ƙaramin madubi. Ta cire safa a gabansu, ta ɗora ƙafa a kan kujera, ta shiga buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya tana haska tsakaninsu, kamar yadda likita ta ce ta riƙa yi kowace safiya har ƙarshen rayuwarta. Ta gama dama, ta koma hagu, ba ta yi sauri ba. Matan suka kalla har ƙarshe. Suka yi mata Allah ya ƙara sauƙi, suka tashi. Sai da suka kai bakin ƙofa ƙanwar ta waiwayo ta ce, "Ko da cokali goma ne, Hajiya Barira. Ni ɗigo ɗaya ya rage mini."

Bayan sun fita Gwaggo ta sa na juye garin a kwandon shara, ta tsaya a kaina har na ɗaure ledar. Sannan ta ce in rubuta wa Ummi Kulsum in gaya mata tana zaune a kan arziki ba ta sani ba, ta canza wa haɗin nan suna, ta liƙa masa takarda ta rubuta maganin inshora.

Na miƙa mata wayar na ce ta faɗa da bakinta. Ni dai ba zan sake rubuta kalmar magani a gaban wata kalma ba, sai an gaya mini ko mai kawo ta ake nufi ko mai kashe ta.